Farar Wuta Daga Cikin Hayaƙi

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ɓoye amfani a cikin abin da hanci ke gudu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ka sani, ya kai mai karatu, idan aka gasa kwal da tururi da ɗan oksijin don a samu gas na samar da lantarki, farar wutar da ke jikin kwal takan biyo gas ɗin, ta zama iska mai warin baragurbi, mai cin ƙarfe, mai kisa. A hanyar da aka saba, sai an sanyaya gas kafin a wanke shi, zafinsa ya tafi a banza. Sai masana suka koma ga ƙwayoyin da aka haɗa da tutiya, masu tsotse wannan iska tun gas yana da zafi.

To amma ƙwaya tana ƙoshi. Kafin ta koma aiki sai an hura mata oksijin, farar wutar ta ƙone, ta fita cikin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, wanda in ya hau sama yakan dawo da ruwan sama ya lalata daji da tafki. Aikin yana son kaifin ido: in zafi ya yi yawa, ƙwayoyin su dunƙule, ƙofofinsu su toshe; in ya gaza, wani gishiri ya tsiro a cikinsu ya farfasa su.

A ganina, wanda ya tsarkake gas sannan ya saki wannan hayaƙi bai sauke amana ba, mazauni kawai ya sauya wa cutar. Kuma ya yi almubazzaranci da arzikin da Allah Ya sa a hannunsa.

Cibiyar RTI da ke Karolina ta Arewa a Amurka ta fito da dabarar gauraya hayaƙin da ɗan kaso na gas ɗin kwal, gas ya ƙwace oksijin, farar wuta ta fito tsantsarta. Da yake tana narkewa a kusan digiri 115, sai a tare ta tana ruwa. Wasu masanan sun gwada ƙwayoyin sinadarin siriyum, waɗanda hayaƙin da kansa ke farfaɗo da su, su saki farar wuta kai tsaye. Tashar lantarki ta Polk da ke Fulorida kuwa, wadda ta fara aiki a 1996, asid ta riƙa yi da tata farar wutar, irin na ruwan batir. Mafi yawan wannan asid a duniya masana'antun takin zamani ne ke shanye shi, su narka dutsen fosfat da shi.