Ciwon da Ba Ya Jini

Tun daga 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri, mutane fiye da miliyan biyu suka rabu da muhallansu a Arewa maso Gabas. Akasarinsu ba sansani suka shiga ba, gidajen 'yan'uwa da na masu tausayi suka raɓa, wasu har Jigawa. Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ma ba labari kawai ta ji ba, domin a watan Afrilun 2014 'yan bindiga sun afka wa garin Gwaram. Tambayar ita ce: wanda ya ba ɗan gudun hijira ɗaki da tuwo, ya sauke nauyin da ke kansa ke nan?

Cutar jiki ba ta ɓuya. Zazzaɓin cizon sauro, amai da gudawa, tamowar yara, kowa na gani, kuma akwai inda za a nufa, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu. Amma matar da aka kashe mijinta a gabanta a Bama ko Gwoza, wadda barci ya ƙaurace wa, wadda ƙarar babur ke firgitarwa, ina za ta nuna rauninta? Sau da yawa a ce iska ce, ko a ce ta yi haƙuri, a rufe zance.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, babu musu. Sai dai Annabi Yaƙub, wanda ake buga misali da haƙurinsa, baƙin cikin rabuwa da Yusuf ya sa idanunsa suka yi fari. Ashe kuka ba ya warware haƙuri, kuma damuwar zuci tana cin jiki. Idan muka ce wa mai jimami ya yi haƙuri don mu huta da sauraronsa, kanmu muka yi wa magani.

Hukuma na da nata kason. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala a 2012, kuma a 2023 aka sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. Amma doka ba ta zama a kan tabarma ta saurari mutum. Wannan aikin maƙwabci ne da liman da ungozoma da ma'aikacin ɗakin shan magani: su saurara, su daina kiran mai firgita mahaukaci, su raka shi asibiti idan abin ya fi ƙarfinsu. Wanda ya ƙoshi amma bai runtsa ba, har yanzu gudu yake yi.