Kwaikwayo Sata Ne?

'Yan'uwa, idan almajiri ya kwaikwayi aikin gwani, koyo ya ke yi ko sata? Bari mu duba masu zane biyu, dukansu mutanen ƙasar Holan.

A shekara ta 1890 Vincent van Gogh yana kwance a gidan masu ciwon tabin hankali a Faransa. Ƙanensa ya aiko masa da hoton tashin Li'azaru, aikin Rembrandt, babban gwanin da ya rasu tun 1669. Hoton baƙi da fari ne, bugun takarda. Van Gogh ya ɗauki buroshi da fentin mai, ya bi zanen gwanin, amma launi shi ya zaɓa da kansa. Har ya sa wa Li'azaru jan gemu irin nasa, sai ka ce majiyyacin yana ganin kansa a bakin kabarin. Da ya rubuta wa ƙanensa, ya faɗa a fili daga wurin Rembrandt ya ɗauko.

Na biyun, Han van Meegeren, ya nemo tsohon ƙyalle, ya zana Ubangiji Yesu yana cin abinci a Imuwasu, ya gasa zanen a tanda domin fentin ya taurare kamar ya shekara ɗaruruwa. Sa'an nan ya sa sunan Vermeer, gwanin da ya rasu a 1675. A 1937 masana suka gaskata, aka saya da kuɗi mai yawa. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. A 1945 tilas ta sa ya tona asirin kansa, a 1947 kuma aka yanke masa ɗaurin shekara guda.

Dukansu biyu sun bi sawun gwani, dukansu sun zana labarin Bishara. Ina bambancin? Na farko ya ari hannun gwani domin nasa ya ƙware. Na biyu ya ari sunan gwani domin ya cuci mutane.

Mu ma masu kwaikwayo ne, gama Bulus ya gargaɗi Korintiyawa su yi koyi da shi yadda shi ke koyi da Kristi. Ba abin kunya ba ne sabon mai bi ya koyi addu'a daga bakin dattijon ekklesiya. Abin tsoro shi ne mutum ya haddace kalmomin ibada domin a yabe shi, zuciyarsa kuwa ba ta sāke ba. Masana sun ruɗu shekara takwas. Allah ba ya ruɗuwa ko da sa'a ɗaya.

Ɗan'uwa, kai wanne ne a cikinsu?