Shaidu Uku, Baki Ɗaya

Tun fitowar ChatGPT a shekarar 2022, wata al'ada ta shigo wa masu rubuta manhajar na'ura mai ƙwaƙwalwa. Idan mutum ya gama rubutunsa, sai ya miƙa shi ga mataimaka biyu ko uku masu ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da Gemini da Claude, su duba masa kurakurai. In duk suka ce babu aibi, sai hankalinsa ya kwanta, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, amma yawan shaidu shi ne tabbacin gaskiya? Malaman hadisi ba sa kiran labari mutawatiri sai yawan masu ruwaya ya tabbata a kowane mataki na isnadi. Mutum goma da suka ji magana daga baki ɗaya, shaidarsu ɗaya ce.

Masana na'ura ma sun ga haka. A 1986, John Knight da Nancy Leveson sun wallafa wani gwaji da aka yi a jami'o'i biyu na Amurka: an rubuta manhaja 27 domin aiki guda, kowa ya yi tasa daban, aka jarraba su sau miliyan ɗaya. Sai aka tarar sukan yi tuntuɓe a wuri ɗaya fiye da yadda lissafi ya yi zato. Ranar 4 ga Yuni 1996 kuwa, rokar Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta daga Kuru. Tana da na'urorin nuna hanya biyu, ɗaya madadin ɗaya, amma manhajarsu guda ce, kuskure guda ya tsayar da su duka.

Mataimakan nan sun yi koyo ne daga rubuce-rubuce masu kama da juna, saboda haka abin da ya ɓoye wa ɗaya yana iya ɓoye wa saura. Amfaninsu ya fi bayyana inda suka saɓa, domin saɓanin ne ke nuna wa mutum wurin da zai sa ido.

Saura batun alhaki. Ranar da manhajar asibiti ta yi kuskuren awon magani, ba za a kai na'ura gaban alƙali ba. Shawara ana neman ta wurin jama'a, amma amana tana wuyan wanda ya sa hannu. Malamin da ke gyara takardun jarrabawa ya san wannan: in ɗalibai uku suka kawo amsa iri ɗaya, har da kuskure iri ɗaya, tambayarsa ta farko ita ce wa ya kwafi wa.