Hukuncin Karɓar Gonar Talaka Domin Gandun Daji

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ƙarshen shekarar 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince a mai da wasu dazuzzuka 10 su zama gandun daji na ƙasa, cikinsu har da Dajin Kogo na Jihar Katsina, wanda ke yankin Faskari da Sabuwa. Duk inda aka ce za a shata iyakar gandun daji kuwa, to, manomin da gonarsa ke bakin dajin shi ne farkon wanda barci zai ƙaurace wa. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san abin da Shari'a ta ce game da hukuma ta karɓi ƙasar mutum da sunan tsare itatuwa da namun daji.

Keɓe daji ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Malamai na kiransa hima, watau hurumin da shugaba ya keɓe domin amfanin jama'a. Manzon Allah (S.A.W.) ya keɓe Naƙi'u domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka da na jihadi. Amma malamanmu na Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shehu Halil, sun gindaya sharuɗɗa: a kasance ana bukatar wurin, ya zama kaɗan ne yadda ba zai ƙuntata wa mutane ba, ba gini ko shuka a cikinsa, kuma amfaninsa na jama'a ne. Sharaɗin nan na uku shi ne ƙashin bayan magana. Hima a kan dajin da ba shi da mai shi ake yinta. Gonar da mutum ya sare, ya cire kututture, ya zuba mata taki shekara da shekaru, ba ta shiga wannan babi ko kaɗan.

Har ma dajin da ba kowa a cikinsa, Sayyidina Umar bai keɓe shi da sakin jiki ba. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa ya gargaɗi baransa Hunayyu, wanda ya ɗora a kan hurumin, da ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya umurce shi ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga su yi kiwo, ya tsare garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affan, don su in dabbobinsu sun halaka suna da gonakin dabino da za su koma wa, talaka kuwa sai dai ya kwaso 'ya'yansa ya zo ƙofar Halifa yana kuka. Ya kuma rantse cewa ba don dabbobin da ake hawa saboda Allah ba, da ko taƙi ɗaya bai keɓe ba. Abin kunya ne a ce yau an juya wannan wasiyya, mai garke dubu ya shiga da takarda, mai akuya biyar a ci shi tara.

To, idan bukata ta kai ga gonar da ke da mai ita fa? Asali dai dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardarsa, aya ta 29 cikin Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ƙwaci taƙi ɗaya na ƙasa bisa zalunci za a rataya masa shi a wuya har ƙasa bakwai ranar Alƙiyama. Duk da haka malamai sun yarda shugaba ya tilasta sayarwa idan lalura ta gama-gari ta kama, kamar faɗaɗa masallacin Jumma'a ko hanya. Hujjarsu ita ce aikin Sayyidina Umar a shekara ta 17 bayan Hijira, da ya faɗaɗa Masallacin Makka: ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma ya rushe nasu, ya ajiye musu kuɗinsu har suka zo suka karɓa. A lura, kuɗin wurin ne cikakke, kuma a ajiye yake, ba alkawari ba.

A nan ne dokar ƙasa ta yi ƙasa da Shari'a. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, sashe na 28 kuma ya ba shi ikon soke haƙƙin mutum saboda amfanin jama'a. Diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da ke kan ƙasar ce, watau gini da shuka da makamantansu. Manomin da aka zo wa da rani, bayan ya kwashe dawarsa da masararsa, me za a ƙidaya masa? Sai dai sashe na 6 ya wajabta wa Ƙaramar Hukuma, idan ta karɓi gonar noma, ta ba mai ita wata a madadinta. Mai mulkin da ke tsoron Allah ba zai tsaya ga mafi ƙarancin abin da doka ta ce ba, domin alƙalin Lahira ba da dokar 1978 zai yi hukunci ba.

Akwai kuma wata mas'ala da ta fi shafar mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A watan Yuni na 2024 'yan bindiga suka auka wa garin 'Yargoje, suka kashe mutane masu yawa, kuma shekaru ke nan manoman wannan yanki da dama ba sa iya zuwa gonakinsu na nesa. Gonar da aka bari damina uku ko huɗu, sabara da geza sun rufe ta, mai awo in ya zo zai ɗauka daji ne. Alhali ba daji ba ne. A mazhabar Malikiyya ƙasar da mutum ya saya, ko aka ba shi kyauta, ba ta fita daga mallakarsa don ta koma saura. Wadda ya samu ta hanyar saran daji ma, ba ta kuɓuce masa sai alamun aikinsa sun shafe kuma zamani ya yi tsawo, yadda za a fahimci ya haƙura da ita. Wanda bindiga ta kora kuwa bai haƙura ba. Saboda haka wajibi ne kafin a kafa dutsen iyaka a nemo masu gonakin a inda suke gudun hijira, a kira dagaci da mai unguwa da maƙwabtan gona su yi shaida. Idan mai gona ya rasu, haƙƙin ya koma ga magadansa, kuma rabon maraya ba wanda ke da ikon yafe shi a madadinsa, ko da waliyyinsa ne.

Allah Shi ne Mafi sani.