Idan Inna Ta Rasu, Wa Zai Riƙe Shi?

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da iyalansa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan uwa, makon jiya na dawo daga gida Nangere, wajen ta'aziyyar wata gwaggonmu, Allah Ya jiƙanta. Ta bar ɗa namiji da ya haura shekara talatin, irin waɗanda aka haifa da ƙarancin fahimta. Yana gane mutane, yana sallah in an tsaya kusa da shi, kuma duk unguwar babu wanda ya fi shi iya kiwon tumaki. Amma lissafin kuɗi ba ya yi masa. Tun yana goye ita ce komai nasa. Ranar sadakar uku, da aka watse, sai aka shiga kallon kallo. Kowa na da uzuri: wannan yana Legas, wancan matarsa ba za ta yarda ba. Har na baro gari ba a tsayar da magana ba.

Ni ba malami ba ne, don haka na kai wa Malam Liman maganar, kuma abin da ya karantar da ni shi ne zan ɗan tsakuro muku.

Da farko, wannan ba hauka ba ne. Taɓin hankali ciwo ne da kan zo wa mutum daga baya, ana kuma maganinsa, kamar a asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Maiduguri. Amma galahanga da dangoginta da su ake tasowa, ba ɗauri ko ruƙiyya ke cire su ba. Ba mu manta abin da aka gano a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 ba, inda 'yan sanda suka fito da mutane wajen 300 daga wani gidan mari, wasu da sasari a ƙafa. Iyaye ne suka kai da yawansu, da zaton gyara.

To me shari'a ta ce? Malam ya buɗe mini Suratun Nisa'i, aya ta 5 da ta 6. An hana a danƙa wa wanda ba zai iya tattali ba dukiya kai tsaye, amma an yi umarnin a ciyar da shi, a tufatar da shi, a kuma yi masa magana mai daɗi. Wasu malaman tafsiri sun fahimci cewa juya dukiyar ake so a yi, ya ci daga riba, kada uwar kuɗin ta narke. Wannan ai fagenmu ne mu 'yan kasuwa. Kason gadonsa nasa ne cif, ba a rage masa ko sisi don "ai bai san amfaninsa ba". Mai riƙo waliyyi ne, ba magaji ba. Kuma a ayar bashi, ta 282 a Baƙara, an ambaci mai rauni da ba zai iya shifta da kansa ba, aka ce waliyyinsa ya tsaya masa da adalci. Ka ga kenan ana rubuta bashi da sunansa, yana da hulɗa kamar kowa.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne labarin sahabin nan da kullum ake cutarsa a ciniki, wanda wasu ruwayoyi suka ce Habbanu ɗan Munƙizu ne, ya samu rauni a ka. Annabi (SAW) bai rufe shi a ɗaki ba. Ya koya masa ya riƙa gindaya sharaɗin cewa babu yaudara, kuma a wata ruwaya an ba shi zaɓin kwana uku ya mayar da kaya in bai gamsu ba. An bar shi a kasuwa, aka kuma kafa masa shinge. Mu kuwa fa? Ko dai mu kulle shi a zaure, ko mu sake shi yara na binsa suna kiransa dolo, a tasha a sa shi dako a sallame shi da ragowar abinci.

Gwamnati ta yi doka, ba a ce ba ta yi ba. A watan Janairun 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, aka kafa musu hukuma ta ƙasa a 2020. Sai dai Abuja da nisa, kuma ba hukuma ce za ta tashe shi da asuba ta ce ya yi alwala ba.

Mu da ke nesa mun saba da tura kuɗi ta waya mu ce mun sauke nauyi. Kuɗi na da amfani, amma tsari ake buƙata. Duk mai irin wannan ɗan uwa a gida, tun iyaye na raye a zauna a ayyana waliyyi, a rubuta, a kafa shaidu biyu, liman da mai unguwa su sani. A ware kasonsa a littafi daban. In kiwo ya iya, a saya masa tumaki biyu ko uku, lokacin Babbar Sallah wani amintacce ya raka shi kara a Potiskum, a bar shi ya riƙe igiyar dabbarsa, ya ji farashi da kunnensa. In sharar shago ce ko jera kaya, a yanka masa lada a biya shi a hannu. A ba shi ɗakinsa a cikin gida, a tambaye shi wajen wa yake son zama, don su ma suna da zaɓi. Mata masu wannan lalura kuwa tsaronsu ya fi tsanani, kuma kada a aurar da ita don kawai a rabu da ɗawainiya.

Malam Liman ya amince ranar Lahadi bayan La'asar za a zauna a masallaci. Mai son a rubuta masa takardar waliyyi ko wasiyya ya zo da shaidunsa, takarda da biro suna wajena. Wanda yake jin nauyin magana a gaban jama'a ya same ni a ofis bayan Isha'i.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci