Katangar da ke tsakanin gida biyu, ta wa ce?

Wanda zai kewaye gidansa a Aljas ko Wahran na ƙasar Aljeriya, can bakin tekun Bahar Rum, gishiri ne abokin gabarsa. Iskar teku ke ɗauko shi ta lafta wa ƙarfe, tsatsa ta kama ƙyaure da waya, har rodin da ke cikin kankare ya kumbura ya fasa simintin da ya lulluɓe shi, shi ya sa masu gidajen can ba sa rabuwa da fenti. A Tamanrasset kuwa, kusan kilomita 2,000 kudu da Aljas, a kan tudun Ahaggar da ya haura mita 1,300, ƙarfe kan daɗe bai yi tsatsa ba. Masu cin katanga a nan su ne zafin rana da sanyin dare, waɗanda ke miƙa ta suna tsuke ta har ta tsage, da iska mai yashi da ke kankare yaɓe, sai ruwan sama. Ruwan bai fi milimita 50 ko kusa da haka ba a shekara, amma yakan sauko a fusace, kwari ya cika nan da nan, ya ci gindin jan garu. Magini ya san maganin duk wannan. Abin da magini ba zai yanke ba shi ne ko mai gida yana da ikon zaɓen katangarsa, da tsayinta, da lokacin gyaranta, yadda ya ga dama, tunda kuɗinsa ne kuma filinsa ne. Ni a ganina ba shi da wannan iko gaba ɗaya. Tubalin nasa ne, amma amfanin katangar da cutarta na mutum biyu ne, shi da wanda ke kwana a bayanta.

Kafin a kai nan, akwai masu ganin katangar ma kanta alamar lalacewar zuciya ce. Sukan ce lokacin da limamin Kirista Bafaranshe Charles de Foucauld ya sauka Tamanrasset a 1905, bukkoki ne kamar ashirin a bakin kwari, Abzinawan Ahaggar kuma suna cikin tantunansu na fata ba garu ba ƙyaure, sai da birni ya zo sannan kowa ya shige ya kulle. Sukan ƙara da hadisin Jibrilu, inda aka lissafa gasar tsawaita gini tsakanin makiyaya cikin alamomin tashin alƙiyama. Maganar tana da daɗin ji, sai dai ta tsallake abu guda: tantin ma yana da nasa shinge. Matan Abzinawa suna saƙa doguwar tabarma ta ciyawa da zaren fata, su kafa ta kewaye da tanti don tare iska da yashi da idon mai wucewa. Bahaushen ƙauye yana da darni da zana, na birni yana da katanga da zaure. Bukatar sutura ta riga siminti zuwa duniya. Alƙur'ani ma ya gina hukunci a kanta: a Suratun Nur an hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, an kuma ware lokuta uku da ko yaran gida sai sun nemi izini. Ba a neman izinin shiga inda ba shi da iyaka. Abin da hadisin ya zarga shi ne gasa da alfahari. Wanda ya rufa wa iyalinsa asiri bai shiga ciki ba.

To idan sutura ce dalilin katanga, sai a lura cewa bango ɗaya gida biyu yake suturtawa. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ake karantawa a zaurukan Kano da Zinder kamar yadda ake karanta su a Tuwat da Ahaggar, sun ga haka tuntuni. Risalar Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, ta hana mutum buɗe taga da za ta leƙa cikin gidan maƙwabci, ko ƙofa daura da ƙofarsa, ta kuma ce idan aka yi jayayya kan bango, a duba ginin gidan da tubalinsa ya sarƙe da shi. Mukhtasar na Shehu Halilu, na ƙarni na 14, ya ƙara gaba: wanda ya rushe bangonsa da ke suturta maƙwabci don ya cuce shi, alƙali zai tilasta masa ya mayar, maƙwabci kuma dole ya bar mai bango ya shigo gidansa don ya gyara ɗaya fuskar, har mai hawan dabino an ce ya yi gargaɗi kafin ya hau, don na ƙasa su kimtsa. A Tunis an yi wani magini, Ibn Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba gine-ginen da ake shari'a a kansu, ya tara waɗannan hukunce-hukunce cikin littafi sukutum a farkon ƙarnin nan na 14. Abin sha'awa, kundin dokokin mu'amala na Aljeriya na 1975 ya riƙe ainihin wannan ƙa'ida: ba ka tilasta wa maƙwabci ya kewaye filinsa, amma mai bango ba ya rushe shi da gangan ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba idan hakan zai tsiraita gidan da ke bayansa. Mallakar da ba ka da ikon rusawa duk ran da ka so, ai da sauran hannun wani a cikinta.

Mai ja da wannan magana yana da hujja mai ƙarfi, kuma daga cikin littattafan nan zai ciro ta. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ya hana mutum ya hana maƙwabcinsa ɗora azara a kan bangonsa, amma Imamu Malik ya ɗauki wannan a matsayin abin so, Risala kuma ta faɗa ƙarara cewa alƙali ba ya tilastawa. Imamu Ahmad ne ya mai da shi wajibi idan akwai bukata kuma babu cutarwa. Haka nan Halilu bai ba maƙwabci damar hana ka ɗaga gini ba don kawai ka tare masa haske ko rana ko iska, sai fa idan masussuka ce da ke bukatar iskar. Mai ja sai ya ce, ka gani, shari'a ta bar ni da bangona. Amsa ita ce abin da alƙali ke iya ƙwatowa daban, abin da Allah zai tambaya daban. Alƙali yana tsayawa inda za a iya auna cuta a kawo shaidu. Da an ba shi ikon hukunta kowace inuwa, da ba wanda zai ɗora tubali a kan tubali sai an je kotu. Wannan taƙaitawa ce ga hannun hukuma, ba ta wanke mai rowa. Abu Huraira da kansa, da ya ga mutane sun sunkuyar da kai ga hadisin, bai sassauta ba, rantsuwa ya yi sai ya ci gaba da jefa musu shi. Suratun Nisa'i kuma, a aya ta 36, ta jera maƙwabci na kusa da maƙwabci bare cikin waɗanda aka yi umarnin kyautata musu, a ayar da ta fara da tauhidi da iyaye. Wannan bare ɗin shi ne maƙwabcin yau da kullum a Tamanrasset, inda Ba'abzine da Balaraben arewa da Bahaushen Maraɗi da mutumin Gao ke haɗa bango a unguwa guda. Wanda ya ɗaga bulo mita uku ya toshe wa ɗan tsakar gidan bare iskar yamma, a garin da mutane ke kwana waje da zafi, zai iya cin shari'a, amma ba a kira shi mai ihsani.

Hujja ta biyu ita ce tsaro, kuma ba a raina ta. Wanda aka taɓa haura wa gida ba ya son wa'azi, kwalabe yake so a kan katanga da waya mai ƙaya. Ba laifi ba ne mutum ya kiyaye kayansa. Muwaɗɗa ma, a hukuncin taguwar Barra'u ɗan Azibu, ta ɗora wa masu gonaki tsaronsu da rana, masu dabbobi kuma biyan ɓarnar dare. Sai dai garin nan yana da misali a tsaye kan iyakar abin da garu ke iya yi. Ganuwar laka da Foucauld ya gina a 1916, mai kauri da tsayi da rijiya a ciki, har yau tana nan a Tamanrasset. Maharan da suka zo ranar 1 ga Disamba na wannan shekara ba su haura ta ba, ba su fasa ta ba. Wani da ya sani ne ya yi masa magana daga waje, ya buɗe ƙofa, aka kashe shi a bakinta. Da ɗan gari kan ci gari. Katangar da ta yi tsayin da maƙwabci ba ya jin ihunka, ta tsare ɓarawon da ya riga ya shiga fiye da yadda ta tsare ka.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne gyara, domin gini rana ɗaya ake biki, yaɓe kuwa kowace shekara ne. A Suratul Kahfi, bangon da bawan Allah ya tayar a gaban Annabi Musa na garin da ya hana su abinci ne, bai karɓi lada ba, kuma masu amfana marayu biyu ne da ba su san ana yi ba. Fiƙihu ya sauko da wannan ƙasa-ƙasa: idan bango ya karkata, aka gargaɗi mai shi, ya sami lokacin gyara bai gyara ba, to abin da ya faɗa wa a wuyansa yake, dukiya ce ko rai. Nan ne zaɓen kayan gini ke zama sha'anin addini. Mai shafa siminti a kan garun laka don ya huta da yaɓe, yana ɓoye cuta ne: danshi ya shiga ta tsaga ya rasa mafita, laka ta ruɓe daga ciki, fuskar waje tana sheƙi har ranar da za ta zube gaba ɗaya. Mai gyara fuskar da ke kallon tsakar gidansa ya bar ta baya, ya manta ta bayan ce ke faɗa wa 'ya'yan wani. Mai juya indararo ya zuba a gindin bangon maƙwabci yakan ce ai ruwan nan ba ya zuwa, alhali saukarsa guda ta isa.

Sharaɗin gargaɗi kuwa ya ɗora wani nauyi a kan wanda ke bayan bangon: sai ya buɗe baki, kuma a gaban shaidu. A nan hukuncin ke cin karo da halin da ake ciki. Da yawa daga cikin masu kwana a gindin garun da ya fi lalacewa 'yan haya ne, baƙi daga Nijar da Mali, wasunsu ba takarda, a garin da daga cikinsa ake kwasar mutane a mota zuwa iyakar Assamaka. Irin wannan ba zai kai ƙarar mai gida ba, ko gargaɗin ma da wuya ya yi, don kada a ce ya kwashe kayansa. Idan aka bar sharaɗin a wuyansa shi kaɗai, mai gida ya kuɓuta ke nan da shirun wanda tsoro ya rufe wa baki. Malamai sun ce idan karkatar bango ta fito fili yadda ba ta ɓoyuwa ga mai shi, ba a jiran gargaɗi kafin a ɗora masa lamuni. Inda kuma ba ta kai haka ba, gargaɗin ya koma kan masu bakin magana a unguwa: limamin masallaci, da dattijon da ke da takardar fili, da maginin da ya ga tsagar ya san abin da take nufi.