Baƙo da Mai Masauki: Ƙauna Ce ko Tarko?

A gabashin ƙasar Gini, a bakin kogin Milo, akwai birnin Kankan, babbar cibiyar mutanen Maninka. Su ne zuriyar daular Mali wadda Sundiata Keita ya kafa wajen shekara ta 1235, wadda kuma sarkinta Mansa Musa ya je aikin hajji a 1324. Kusan dukansu Musulmi ne, kuma Kankan ta daɗe da shahara wajen malanta. A 1949 wani ɗan wannan yanki, Sulemana Kante, ya ƙirƙiro rubutun N'Ko domin mutanensa su rubuta harshensu da haruffansu. Wannan al'umma ce mai tarihi da ilimi da mutunci.

Shekaru da dama iyalan masu bishara sun zauna a tsakaninsu. Aikin bai zo da sauƙi ba. A 1967 gwamnatin Seku Ture ta kori yawancin mishanoni 'yan ƙasashen waje, kuma har yau masu bin Almasihu a cikin Maninka 'yan kaɗan ne.

A al'adar Maninka baƙo ba ya zama a gari sai da mai masauki, wanda suke kira jatigi. Shi ne ke gabatar da baƙo ga dattawa, ya tsaya masa idan rigima ta taso. Sau da yawa akan ba baƙo sunan dangi, irin su Keita, Kaba ko Konde, ya shiga wasan barkwanci da ke tsakanin dangogi, kamar wasan taubasai. Ta haka iyalin mai bishara kan sami kansu suna cin abinci a ƙwarya ɗaya da gidan Musulmi, 'ya'yansu suna wasa tare, matansu suna zuwa suna da gaisuwar mutuwa tare.

A nan tambaya mai nauyi take. Idan shekara ashirin ta wuce, mai masauki ya tsufa a kan addininsa, shin abotar ta zama asara? In amsar ita ce i, to ashe tun farko ba abota ba ce, koto ne aka sa a ƙugiya. Mutum kuwa yakan gane lokacin da ake ƙaunarsa, da lokacin da ake farautarsa.

Wasu za su ce mafita ita ce mai bishara ya yi shiru, ya zauna lafiya kawai. Amma wannan ma rashin gaskiya ne. Wanda ya ɓoye wa amininsa abin da ya fi daraja a zuciyarsa bai ba shi amana ba. Dattijon Maninka mai salla biyar ba ya ɓoye bangaskiyarsa, kuma ba zai girmama baƙon da ya ɓoye tasa ba.

Ubangiji Yesu ya nuna hanya ta uku. A Luka sura 17 ya warkar da kutare goma, ɗaya kaɗai ya komo da godiya, amma bai mai da cutar a jikin sauran tara ba. A Markus sura 10 ya ƙaunaci mai arzikin nan, ya faɗa masa gaskiya a fili, sa'an nan ya bar shi ya tafi. Alherinsa ba bashi ba ne, gaskiyarsa kuma ba tilas ba ce.

Saboda haka ma'aunin iyalin mai bishara a Kankan ba yawan waɗanda aka yi wa baftisma kaɗai ba ne. Juyar da zuciya aikin Ruhu Mai Tsarki ne. Abin da ke hannun baƙo shi ne ya koyi harshe da tawali'u, ya faɗi abin da ya kawo shi ba tare da ruɗi ba, ya riƙe amanar mai masauki ko ya karɓa ko bai karɓa ba.

'Ya'yan gidan suna kallo. Idan sun ga iyayensu sun juya wa maƙwabci baya domin ya ƙi bishara, za su koyi cewa ƙaunar Kirista tana da farashi. Idan sun ga sun ci gaba da gaishe shi, da duba shi a ciwo, da yi masa addu'a, za su san irin ƙaunar da Allah ya yi wa duniya. Wannan darasi kuwa na kowane gidan Kirista ne da ke da maƙwabci.